Ƙofa a rufe, suna a ɓoye: tarihin gidajen gyaran hali a Amurka

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a kwalej ko lise ya taɓa jin wannan tambaya daga bakin uba ko uwa: "Mushe, yaron nan ya gagare mu, ina za mu kai shi?" Tambaya ce ta wanda ya yi faɗa ya gaji, ya yi lallashi ya gaji, har ya fara jin tsoron ɗan da ya haifa. Iyayen Amurka ma sun yi ta, kuma fiye da shekara 50 ke nan da aka samu masu ba su amsa: ku kawo shi, ku biya, mu gyara muku shi. A kan wannan amsa aka gina wata babbar kasuwa ta makarantun kwana da sansanonin horo na masu zaman kansu, inda ake tsare matasa wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Tarihin wannan kasuwa ya haɗu da wata muhawara da mu ma muke yi a yau: idan mutum ya ɓoye sunansa a intanet ya zargi wata makaranta, a saurare shi ko a yi watsi da shi? Abin da ya faru a Amurka ya nuna cewa amsar ba ta da sauƙi kamar yadda kowane ɓangare yake zato.

Tushen abin

A 1958, wani tsohon mashayin giya mai suna Charles Dederich ya kafa ƙungiyar Synanon a garin Santa Monica na jihar Kalifoniya, domin raba manya da shan ƙwaya. Babban maganinsa shi ne abin da ya kira "wasa": a zauna a da'ira, a sa mutum ɗaya a gaba, kowa ya yi ta yi masa tsawa da zagi da tonon asiri na tsawon awoyi. A ganinsa sai an rushe mutum ƙurmus kafin a sake gina shi. Da tafiya ta yi nisa, Synanon ta ayyana kanta a matsayin addini, mabiyanta suka aske kawunansu maza da mata. A 1978 wasu mabiyan suka saka maciji mai dafi a akwatin wasiƙun wani lauya, Paul Morantz, wanda ya yi nasara a kansu a kotu. Macijin ya sare shi, amma ya rayu. Ƙungiyar ta watse a 1991.

Kafin ta watse, ta riga ta haihu. A 1967 aka buɗe makarantar CEDU a Kalifoniya, ta ɗauki salon Synanon ta juya shi kan yara. A Florida aka samu wani shiri mai suna The Seed, wanda wani rahoton majalisar dattawan Amurka na 1974 ya kwatanta hanyoyinsa da wankin ƙwaƙwalwa irin na Koriya ta Arewa. Shekara biyu bayan rahoton, a 1976, wani attajiri mai suna Mel Sembler da matarsa da wasu iyaye suka kafa Straight, a kan kusan wannan tsari. A can yaro kan wuni zaune a kujerar roba daga safe har dare yana amsa laifi, kuma sabon shiga ba ya tafiya ko'ina sai wani yaron da ya riga shi zuwa yana riƙe da ƙugun wandonsa. Duk da haka manya sun yaba. Nancy Reagan, matar shugaban ƙasa, ta ziyarci Straight, har ta kai Gimbiya Diana ta Ingila wani reshensa a 1985. Shekara biyu kafin wannan ziyara, kotu ta riga ta ba wani saurayi diyyar dalar Amurka 220,000 saboda Straight ta tsare shi ba da son ransa ba. Sai a 1993 aka rufe ta. Shi kuwa Sembler ya zama jakadan Amurka a Ostireliya, daga baya a Italiya.

Doka ma ta ba da hanya. A 1979 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a wata shari'a daga jihar Jojiya, cewa iyaye suna iya kai ɗansu asibitin taɓin hankali ba tare da zaman kotu ba, muddin likita ya amince, domin doka tana ɗaukar cewa iyaye alheri suke nufin ƴaƴansu da shi. Su kuwa gidajen horo masu zaman kansu, babu wata dokar tarayya da ke sa musu ido. Kowace jiha da nata tsarin, wasu jihohin kusan babu. Shi ya sa suka taru a wurare irin su jihar Yuta. Wata ƙungiya mai suna WWASP, wadda cibiyarta take a can a lokacin, ta ma tsallaka iyaka, aka buɗe gidaje masu alaƙa da ita a Jamaika da Meziko da Kosta Rika da Samowa da ƙasar Cek.

Yadda ake rufe bakin yaro

Wanda yake son gane dalilin da ya sa waɗannan wurare suka daɗe, sai ya dubi yadda suke sarrafa magana.

Farko dai ɗaukar yaron. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: iyaye su biya, ƙarti biyu su shiga ɗakin yaro cikin dare, su tashe shi su tafi da shi, in ya yi gardama a sa masa ankwa. Da ya isa, an yanke shi daga waje. Ana karanta wasiƙunsa kafin su fita. Waya da gida kuwa lada ce da sai ya hau wani mataki zai samu, abin da kan ɗauki watanni, kuma in yana magana akwai ma'aikaci a tsaye kusa da shi.

Sai kuma dabarar da ta fi kowace ƙarfi. Tun ranar farko ake gargaɗin iyaye cewa ɗansu gwanin yaudara ne: zai ce ana dukansa, zai ce ba a ba shi abinci, zai yi kuka ya ce a zo a ɗauke shi, kada ku yarda, alama ce magani ya fara kama shi. Ku dubi yadda wannan magana take ɗaure uba. Idan yaro ya yi shiru, to lafiya yake. Idan ya yi ƙara, to abin da aka faɗa ne ya tabbata. Ba a bar wata kalma da zai furta a gaskata shi ba. Ga kuma maƙudan kuɗin da iyaye suka zuba, wasu har da jinginar gida. Wanda ya yi haka, zai yi masa wuya ya yarda cewa da hannunsa ya kai ɗansa inda ake cutar da shi.

Wannan rashin gaskatawa ya ci rayuka. A 1994 wani yaro ɗan shekara 16, Aaron Bacon, ya mutu a wani sansanin daji a Yuta. Kwana da kwanaki yana kukan ciwon ciki, ma'aikata suna cewa ƙarya yake yi don kada ya yi tafiya. Gyambon ciki ne ya huda masa hanji, ciwon da likita zai iya magancewa.

Makarantar Elan

Labarin da ya fi bayyana rawar da ɓoye suna ya taka shi ne na makarantar Elan, a dajin jihar Maine. An kafa ta a 1970. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Joe Ricci, tsohon mai shan ƙwaya ne da ya bi ta wani gidan gyara mai salon Synanon. A Elan akwai taron da ake tsayar da yaro ɗaya, sauran su riƙa zuwa gabansa rukuni rukuni suna yi masa tsawa a fuska. Akwai kuma da'irar dambe: a ɗaura wa mai laifi safar dambe, a riƙa turo masa abokan karawa ɗaya bayan ɗaya har sai ya kasa. A shekarunta na ƙarshe, kuɗin makarantar ya haura dalar Amurka 50,000 a shekara, wato sama da sefa miliyan 20.

Kada a ɗauka abin a ɓoye yake. Tun 1975 hukumomin jihar Illinois suka kwashe yara 11 da suka tura can saboda zargin cin zarafi. A 2002 aka yi wata shahararriyar shari'ar kisan kai ta Michael Skakel, wanda ke da dangantaka da gidan Kennedy kuma ya taɓa zama a Elan. Tsofaffin ɗalibai suka tsaya gaban alƙali, da sunayensu, bisa rantsuwa, suka bayyana abin da ake yi a makarantar. Jaridun ƙasar duka suka buga. A 2007 jami'an jihar New York suka nuna damuwa kan yadda ake bi da yara a can. Duk da haka makarantar ta ci gaba da karɓar yara.

Wajen ƙarshen 2010, wani da ya ce ya yi zama a Elan a 1998 ya fara ba da labarinsa a shafin Reddit, da sunan aro. Wasu tsofaffin ɗalibai suka biyo baya, kowa da nasa, mutane suka yi ta yaɗawa. A watan Afrilu na 2011 aka rufe makarantar. Mai ita, Sharon Terry, ta bayyana wa jarida cewa ɗalibai sun ragu, kuɗi ya yi ƙasa, ta kuma ɗora laifin a kan abin da ta kira ƙazafin da ake yi musu a intanet.

Me ya sa rubutun mara suna ya yi abin da shaidar kotu ba ta yi ba? Labarin jarida na kwana ɗaya ne, ya wuce. Amma a 2011, uban da aka ba sunan makaranta, kafin ya biya sai ya rubuta sunan a Google, kuma abin da zai fara cin karo da shi shi ne labaran waɗanda suka zauna a ciki. Maganar ta isa ga mai biya, a daidai lokacin da yake shawarar biya. Ban da haka, labaran sun yi daidai da juna. Mutanen da ba su san juna ba, waɗanda suka zauna a shekaru daban-daban, suna faɗar sunan horo iri ɗaya, da tsarin gida iri ɗaya, kuma abin da suka faɗa ya dace da abin da aka riga aka ji a kotu.

Me ya sa kuma suka ɓoye suna? Wanda aka taɓa kai shi irin wannan wuri yana ɗauke da tambari: tsohon kangararre, tsohon ɗan ƙwaya. Yana neman aiki, yana neman aure, iyayen da suka kai shi suna raye, bai kuma son ya tozarta su. Sannan an shafe shekaru ana koya masa cewa ba wanda zai yarda da shi. Dokar Amurka ta taimaka masa a nan. A 1995 kotun ƙoli ta tabbatar da cewa rubutu ba tare da suna ba yana cikin ƴancin faɗar albarkacin baki, ta tuna cewa maƙalolin da suka kare tsarin mulkin ƙasar a 1787 da 1788 da sunan aro aka buga su. A 1996 kuma aka yi dokar da ta ce ba za a ɗauki mai shafin intanet a matsayin marubucin abin da baƙi suka rubuta a shafinsa ba. Ba don waɗannan biyun ba, da wasiƙar lauya ɗaya ta isa a goge komai.

Amawali bai zaɓar fuska

Sai dai amawalin da ya rufe bakin mai gaskiya, shi ne yake rufe na ɗan kasuwa. A wannan harka akwai dillalai: masu ba iyaye "shawara" kan inda za su kai yaro, alhali gidan da suka tura mutum yana biyansu lada a kan kowane kai.

Wata uwa a Florida, wadda ta cire ɗiyarta daga wani gida mai alaƙa da WWASP, ta kafa nata ofishin ba da shawara. WWASP ta kai ta kotu kan ɓata suna. A shari'ar ya bayyana cewa ta riƙa rubutu a intanet da sunayen aro da dama tana sukar ƙungiyar, ya kuma bayyana cewa wasu gidajen da take tura iyaye suna biyanta. Duk da haka a 2004 masu taya alƙali hukunci suka ba ta gaskiya, WWASP ta faɗi. Mai karatu a lokacin zai ɗauka iyaye da yawa ne suke magana, alhali hannu ɗaya ne. Kuma gidajen da take suka, hukumomi sun tabbatar da akwai abin suka a cikinsu: an rufe na Kosta Rika a 2003, na Meziko a 2004. Wato mutum yana iya zama mai sha'awar kuɗi a cikin magana, kuma maganar ta ƙunshi gaskiya.

Labarin bai tsaya nan ba. Ita wannan uwa ta kai wata uwar ƙara, ƴar jihar Luwiziyana, saboda ta kira ta ƴar damfara a intanet. Wadda aka kai ƙara guguwar Katrina ta raba ta da gidanta, ba ta da kuɗin lauya, ba ta halarci zaman ba. A 2006 aka yanke mata diyyar dalar Amurka miliyan 11.3. Duk uba ko tsohon ɗalibin da ya ji wannan hukunci ya san abin da zai iya samunsa in aka gane shi.

Hatta gwamnati sai da ta sa amawali kafin ta ji gaskiya. A Oktoba 2007 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ba da rahoton dubban zarge-zargen cin zarafi tun daga 1990, ya bi diddigin mutuwar matasa 10, ya kuma nuna cewa a 2005 kaɗai jihohi 33 sun ba da rahoton ma'aikata 1,619 da ke da hannu a cin zarafi a irin waɗannan gidaje. A 2008 masu binciken suka riƙa buga waya suna cewa su iyaye ne, da ƴaƴan ƙirƙira. Wani ofishin shawara ya tura su sansani ɗaya a jihar Missouri duk lokacin da suka kira, ko da sun canza matsalar yaron. Da aka bincika, mai ofishin da mai sansanin mata da miji ne.

Amma doka ba ta motsa sosai ba sai da mai babban suna ta yi magana. A 2020 Paris Hilton, jikar gidan masu otal-otal na Hilton, ta bayyana abin da ta ce an yi mata a wata 11 da ta yi a makarantar Provo Canyon a Yuta. A 2021 ta ba da shaida a majalisar jihar, aka yi dokar da ta taƙaita ɗaure yara da killace su, ta kuma wajabta ziyarar ba-zata. A Disamba 2024 shugaba Biden ya sa hannu a kan dokar tarayya, wadda akasarinta umarnin a yi nazari ne a tattara bayanai. Abin da ta faɗa, dubban marasa suna sun shafe shekaru suna faɗarsa.

Mu dubi gida

Ba sai mun tsallaka teku ba. A Satumba 2019 ƴan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonni kaɗan aka sake samun irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Akasarin waɗanda aka tsare, danginsu ne suka kai su, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko sata ko gagara. Mu da ke Maraɗi da Damagaram mun san cewa hanyar Katsina da Daura ba ta da nisa, mun kuma san abin da tramol ya yi wa samarinmu. Uban da ya kai ɗansa gidan mari ba mugu ba ne. Ya rasa mafita ne, sai wani ya sayar masa da ita.

Me tarihin Amurka zai amfane mu da shi?

Na ɗaya, idan zargi ya zo ba suna, a Facebook ko WhatsApp, kada mu jefar da shi don kawai ba suna, kada kuma mu tura shi gaba don kawai ya tayar mana da hankali. Mu tambaya: ya faɗi abin da za a iya zuwa a gani da ido, kamar ɗaki, ko sarƙa, ko lokaci? Akwai wani da bai san shi ba da ya faɗi irin wannan? Yana sukar wani wuri ne yana kuma nuna mana wani da za mu kai kuɗinmu? Haka ma yabo. Wanda ya ce "na kai ɗana ya shiryu" shi ma a tambaye shi, don yabon ƙarya ya fi zargin ƙarya arha.

Na biyu, kafin a miƙa yaro ga kowa, akwai tambayoyin da uba yake da haƙƙin yi. Zan iya zuwa ba sanarwa in gan shi? Zan iya keɓewa da shi, ba kowa a tsaye a kanmu? Wane likita ne yake duba shi in ya ce bai da lafiya? Wace hukuma ce ta ba ku izini, yaushe ta zo ta duba? Nawa kuke ba wanda ya turo ni? Kuma duk wanda ya ce maka tun daga ƙofa kada ka yarda da abin da ɗanka zai faɗa, ka ɗauki ɗanka ka koma da shi gida.

Na uku ya shafe mu malamai. Mu ma muna da ƙofa, muna da bulala, muna da yaran da muka riga muka yi wa tambarin maƙaryata. Yaron da ya yi ƙarya sau goma yana iya faɗin gaskiya a na goma sha ɗaya, kuma masu cin zarafi irinsa suke zaɓa, don sun san ba mai saurarensa. Makarantar da ɗalibi zai iya kai ƙara da sunansa, a bincika, ba tare da an rama a kansa ba, ba za ta wayi gari ta ga sunanta yana yawo a wayoyin mutane daga bakin wanda ba a sani ba. Ya kamata kowace ƙungiyar iyayen ɗalibai ta zauna da darakta tun farkon shekara, a fayyace wa yara wurin wa za su je, da abin da zai biyo baya in sun je.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin sauraronsu.